Fengwin ba ta da jaka

A fadarmu ta nan Maradi, ana cikin zuba shayi wani ya nuna bidiyon babbar fengwin a wayarsa, ya ce: "Malam, ka ga tana goyo a jaka kamar kangaru!" Mutane sun daɗe da wannan zato, amma kuskure ne.

Fengwin tsuntsuwa ce, ƙwai take sakawa. Babbarsu, ta yankin Antatika, ta wuce mita ɗaya a tsaye, kuma ƙwai ɗaya tak take sakawa. Namijin ne ke ɗora ƙwan bisa ƙafafunsa, fatar cikinsa ta rufe shi kamar bargo, ya yi wata biyu a haka cikin ƙanƙara ba ci. Wannan fatar ce ake kira jaka.

Mai jakar gaske ita ce ƴar dabbar nan baƙa mai cin nama ta tsibirin Tasmaniya a Ostireliya, wadda Turawa suka laƙaba wa "shaiɗan". Girmanta kamar ƙaramin kare. Takan haifi ƴaƴa 20 zuwa 30, kowane kamar ƙwayar shinkafa, alhali nono huɗu ne kawai cikin jakar. Wanda ya riga kamawa shi ke rayuwa.