Matakin karatun yara a makarantar firamare

Matakin karatu alama ce, harafi ko lamba ko launi, da makaranta ke amfani da ita wajen nuna irin littafin da yaro zai iya karantawa a wani lokaci. An fi yin amfani da tsarin a makarantun firamare na Amurka da Ingila da Ostareliya, inda iyaye kan tarar da alamar a takardar sakamako ba tare da an faɗa musu abin da aka auna ba.

A shekarar 1946 masanin ilimi ɗan Amurka Emmett Betts ya kasa karatun yaro gida uku: abin da yake iya karantawa shi kaɗai, abin da yake iyawa idan malami ya tallafa masa, da kuma abin da ya fi ƙarfinsa. Daga baya Marie Clay, 'yar ƙasar New Zealand, ta tsara hanyar gwajin da har yau malamai ke bi. Malama takan zauna kusa da yaro yana karantawa a bayyane, tana sa alama a kan kowace kalmar da ya faɗa daidai, tana kuma rubuta wadda ya tsallake ko ya musanya da wata. Idan ya yi kuskure ya gyara da kansa, ba a lissafa masa. Wanda ya samu kashi 95 cikin 100 zuwa sama, littafin ya yi masa sauƙi. Tsakanin 90 da 94 shi ne matakin koyarwa. Ƙasa da 90 kuwa littafin ya yi masa nauyi. Ke nan yaron da ya kuskure kalma 7 a cikin 100 yana daidai inda ake so a koyar da shi, ko da yake uwar da ke sauraro za ta iya ɗauka cewa yana fama.

Ma'aunan da ake amfani da su ba abu ɗaya suke dubawa ba, kuma a nan ruɗanin ya fi yawa. Tsarin Irene Fountas da Gay Su Pinnell yana jera littattafai daga A zuwa Z, yana la'akari da tsawon jimla, da hotuna, da wahalar batun. Ma'aunin Lexile na kamfanin MetaMetrics kuwa kwamfuta ce ke fitar da shi, galibi daga tsawon jimloli da yadda aka saba amfani da kalmomin a harshen, don haka littafin manya mai gajerun jimloli zai iya samun ƙaramar lamba alhali batunsa bai dace da yaro ba. A Ingila makarantu da dama launuka suke bi, daga ruwan hoda zuwa ja zuwa rawaya.

Masu bincike sun soki littattafan matakan farko saboda maimaita jimla iri ɗaya da yawan hotuna, abin da ke ba yaro damar yin hasashe maimakon haɗa haruffa. Tun 1986 Philip Gough da William Tunmer suka bayyana cewa fahimtar rubutu tana buƙatar abu biyu tare: iya fitar da kalma daga haruffanta, da fahimtar harshen idan an yi magana da shi. Saboda haka yara biyu za su iya zama a mataki ɗaya amma matsalarsu ta bambanta. A ce kalmar ita ce "doki": yaron da ya ce "dawaki" ma'ana ya bi ya saki haruffa, wanda ya ce "doka" kuma haruffa ya bi ya saki ma'ana. Harafin da ke kan takardar sakamako ba ya nuna wannan bambanci, sai dai rubutun da malama ta yi lokacin gwajin, wanda iyaye za su iya roƙon a nuna musu.

Sakamakon yakan kuma canza gwargwadon littafin da aka yi gwajin da shi, domin yaron da ya san dabbobi sosai zai iya haura matakinsa a littafin dabbobi, ya kuma gaza kaiwa gare shi a littafin da ke magana kan abin da bai taɓa ji ba.