Ƙera gokat da hannunka: tambayoyi da amsoshi kan inji, sarƙa, sitiyari da birki

Gokat 'yar ƙaramar mota ce mai taya huɗu da kujera ɗaya, ba ta da jiki sai firam ɗin ƙarfe, injinta a baya yake. Wani maƙerin motocin tsere mai suna Art Ingels ne ya fara haɗa ta a Kalifoniya ta Amurka a 1956, da bututun ƙarfe da ƙaramin injin yankan ciyawa. Masu ƙera ta a gida sun fi zuba ido a kan inji, alhali yawancin matsalolinta daga lissafin haƙora da daidaiton ƙarfe suke tasowa.

Wane inji ya dace?

Wanda aka fi amfani da shi shi ne Honda GX200 da ire-irensa da wasu kamfanoni suka kwaikwaya: fistin ɗaya, girman 196cc zuwa 212cc, ƙarfin doki kimanin 6.5, nauyi wajen kilo 16. Ya ishi babba ɗaya a shimfiɗaɗɗen wuri.

Kafin komai a duba shaf ɗin da ya fito daga cikin injin. Ana so ya fito ta gefe a kwance, kaurinsa ɗaya daga tushe har baki, da tsagi na saka makulli. Injin janareta sau da yawa irinsa ne sak, amma shaf ɗinsa tsukewa yake yi zuwa baki, kuloci ba zai zauna a kai ba. Na famfon ruwa kuma galibi zare gare shi. Na yankan ciyawa shaf ɗinsa ƙasa yake kallo, idan aka kwantar da shi baƙin mai ba zai kai inda ya kamata ba. Sannan akwai shaf mai inci 3/4, wato milimita 19, akwai mai milimita 20. Ido ba ya rarrabe su, a auna tukuna a nemi kuloci.

Da wane ƙarfe ake yin firam?

Bututu mai kusurwa huɗu ya fi mai zagaye sauƙin yanka da haɗawa. Milimita 30 a kan 30, kaurin bango milimita 2 zuwa 2.5, ya yi wa babban mutum daidai. Wanda ya gaza haka sandar walda za ta riƙa huda shi. A guji bututun ruwa mai shafen tutiya, domin hayaƙin da yake fitarwa a wuta yana sa zazzaɓi da ciwon kai.

Tsawon firam ba daga takarda ake fara ɗaukarsa ba. Mai tuƙin ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafa da ɗan lanƙwasa a gwiwa, a zana kewayensa da alli. Tsakanin tayoyin gaba da na baya yakan faɗo tsakanin santimita 105 da 130. Kujera ta yi ƙasa iya yadda za ta yiwu: gokat mai tudu da ƙarancin faɗi ita ce mai kifewa a kwana.

Wajen walda, kada a cike haɗi ɗaya gaba ɗaya a wuce na gaba, zafi zai ja ƙarfen ya murɗe. A ɗiɗɗiga kowane haɗi tukuna, a auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a auna kishiyarta. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, firam ɗin a karkace yake, kuma yanzu ne guduma za ta iya gyara shi. Bayan nan a cike waldar ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Sanda mai lamba 6013, ta milimita 2.5, a wutar amfiya 70 zuwa 90, ta dace da wannan kauri. Mazaunin inji kuwa farantin ƙarfe ne na milimita 5 ko 6, ramukansa huɗu dogaye ne ba zagayayyu ba, don a iya zame injin gaba ko baya a ɗame sarƙa.

Yaya zan san gudun da za ta yi tun ban haɗa ba?

Lissafi ne na minti biyu. Injin nan iyakarsa juyi 3,600 a minti. A ƙirga haƙoran babban faifan sarƙa na baya, a raba da haƙoran ƙaramin da ke jikin kuloci. Idan na baya 60 ne, na gaba 10, an sami 6: inji ya juya sau shida, taya ta juya sau ɗaya. Ke nan taya tana juyi 600 a minti. Taya mai tsayin inci 13, wato santimita 33, tana cin ƙasa mita 1.04 a kowane juyi. A ninka 600 da 1.04, a sake ninkawa da 60, za a sami kilomita 37 da 'yan kai a awa. Wanda ke zaune taƙi ɗaya daga ƙasa zai ji wannan gudun kamar ninkinsa.

Idan aka sa faifai mai haƙora 72, rabon ya koma 7.2, gudu ya sauka zuwa kilomita 31, amma ƙarfin tashi da hawan tudu ya ƙaru. Idan aka rage haƙoran baya, abin ya juya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko manyan tayoyi don sun fi kyan gani, a bar faifan baya yadda yake. Babbar taya daidai take da rage haƙora: a takarda gudu ya ƙaru, a ƙasa kuwa motar ta kasa tashi. Rabo 6 na taya mai inci 13 zuwa ƙasa ne. Da zarar taya ta haura inci 15, sai dai a ƙara haƙora sosai ko a sauya tsarin kuloci.

Kulocina yana hayaƙi, har ƙarfensa ya yi shuɗi. Me ya jawo?

Kulocin gokat ba shi da feda. A cikinsa akwai takalma da sifirin ya riƙe. Idan inji ya kai wajen juyi 2,000, juyawar takan watsa takalman waje su kama kwanon da ke jan sarƙa. Tsakanin fara kamawa da kamawa sosai gugar juna suke yi, gugar nan ce zafin. Saboda haka duk abin da ya tsawaita wannan tsakanin shi ne mai ƙona kuloci: tafiyar hawainiya ta tsawon lokaci, haƙoran baya da suka yi kaɗan, nauyi fiye da kima, yashi ko tudu, da ɗabi'ar taka totur da birki tare. Wannan kuloci ya fi son a taka a tafi, ko a saki gaba ɗaya.

Akwai kuma zoben tagulla a tsakiyarsa da ke buƙatar ɗigo biyu ko uku na baƙin mai bayan kowace awa biyu ta aiki. Idan ya bushe sai ya manne, motar ta riƙa tafiya tun ba a taka komai ba. Kada man ya taɓa takalman. Haka kuma idan silo, wato juyin inji lokacin da ba a taka totur ba, ya yi sama motar za ta riƙa jan jiki, a mayar da shi wajen juyi 1,400.

Mai son shiga ƙasa mai gargada gara ya sa na'urar bel mai fuli biyu, irin ta babur mara giya. Samfurin da ake kira 30 yana tashi da rabo 2.7 ya ƙare a 0.9, wato shi ke sauya giya da kansa. Bel ɗinsa gefe ɗaya a miƙe yake, ɗaya a jirkice. Miƙaƙƙen ne ke kallon inji. Idan aka juya shi, ba zai daɗe ba zai cinye.

Me ya sa sarƙa take yawan zamewa?

Kusan kullum faifan biyu ne ba sa kan layi ɗaya. A kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar babban faifan, a ga ko ya taɓa fuskar ƙaramin daidai. Idan bai taɓa ba, a zame babban a kan aksul, wato sandar da ke ɗauke da tayoyin baya, har su daidaita, a ɗaure. Sakin sarƙa a tsakiya ya zama kamar santimita ɗaya. Idan ta ɗame da yawa tana cin boris da zoben kuloci. Idan kuwa a tsaye komai daidai ne amma da an taka totur sai ta fita, mazaunin inji ne ke lanƙwasa, a ƙara masa ƙarfe ta ƙasa.

A tabbata kuma sarƙa da faifai dangi ɗaya ne. Mai lamba 35 tazarar gaɓoɓinta milimita 9.5 ne, masu lamba 40, 41 da 420 kuwa 12.7. Ɗan makullin da ke rufe mahaɗin sarƙa, rufaffen kansa ne ke fuskantar inda sarƙar ta nufa.

Ina murɗa sitiyari amma motar sai ta yi gaba abinta. Ina matsalar take?

Wannan ya fi samun wadda tayoyin bayanta biyu ke kan aksul ɗaya, sandar milimita 25 da ke juyawa cikin boris biyu irin UCP205. A kwana tayar waje tana da tafiya mai nisa fiye da ta ciki. Mota ta gama-gari tana da giyar da ke raba musu gudu, gokat ba ta da ita, don haka tayoyin biyu suna tura ta gaba kai tsaye. Maganin a gaba yake, ba a baya ba.

Ƙusar da tayar gaba ke juyawa a kanta ba a tsaye cak ake kafa ta ba. Ana kwantar da kanta baya da digiri 10 zuwa 15. Da wannan kwanciyar, idan aka murɗa sitiyari tayar gaba ta ciki takan danna ƙasa, ta waje ta ɗan ɗaga, firam ya murɗa kaɗan, tayar baya ta ciki ta yi sauƙi har ta sake ƙasa. Nan ne motar ke samun damar juyawa. Wannan kwanciyar ce kuma ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Gokat da aka kafa wa ƙusa a tsaye, ga taurin kai a kwana, ga rawa a miƙaƙƙiyar hanya.

Abu na biyu, tayar gaba ta ciki dole ta fi ta waje lanƙwasa, tunda da'irarta ta fi ƙanƙanta. A ɗaura zare a tsakiyar aksul na baya, a ja shi zuwa ƙusar tayar gaba. Ramin da sandar sitiyari za ta kama a hannun tayar ya faɗo a kan layin zaren nan, haka a ɗaya gefen. Na uku, tazarar tayoyin gaba ta fuskar gaba ta gaza ta fuskar baya da milimita 2 ko 3.

Wasu suna kauce wa duk wannan ta hanyar ba taya ɗaya kawai ƙarfi. Motar tana juyawa lafiya, amma a yashi tayar za ta yi ta tono, ɗayar na kallo.

Duk ƙusar da ke cikin sitiyari ta zama mai lamba 8.8 a kanta, da noti mai roba a ciki ko mai tsagin da ake soka wa fil. Girgizar inji mai fistin ɗaya tana kwance noti na gama-gari.

Wane birki?

Na faifai mai aiki da mai, irin na babur, a ɗora faifan a kan aksul. Ƙarfen da ke goga taya ba birki ba ne da zarar taya ta jiƙe. Idan feda ta yi laushi kamar soso, iska ce a cikin layin, a fitar da ita. Faifan birki da na sarƙa duka makulli ne ke riƙe su a tsagin aksul, idan ya fita aksul zai juya ya bar faifan a tsaye, don haka a datse shi da zobe ta kowane gefe.

Tare da birki akwai abu uku da ba a tuƙi sai da su: maɓallin kashe inji kusa da hannu, wanda ke haɗa wayar kwayil da jikin inji; sifirin na biyu mai dawo da totur ko da waya ta tsinke; da murfi a kan sarƙa da aksul, domin dogon gashi ko tufa mai lilo idan suka naɗe a nan, inji ba ya tsayawa. Hular kwano kuwa ba sai an faɗa ba.

Inji yana tashi, amma da na buɗe cok sai ya mutu.

Fetur ne bai isa ba, kuma yawanci tsohon mai ne ya toshe jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireto. A rufe mai, a kwance ƙusar da ke ƙasan kwanon kafireto da sifana 10, a fito da babban jet daga bututun tsakiya, a zura masa silin waya mai laushi, a hura. Kada a sa allura, tana faɗaɗa ramin. Idan kuma injin yana hawa yana sauka shi kaɗai, ƙaramin jet ne da ke ƙarƙashin sukurun silo. Idan duka biyun a wanke suke, a duba gasket tsakanin kafireto da inji, ƙila iska yake sha.

Wanda ke mutuwa a kwana kawai, labarinsa daban. Injin yana da na'urar da ke kashe shi idan baƙin mai ya yi ƙasa, a kwana kuma man yakan kwanta gefe ɗaya ya ruɗe ta. A cika shi har bakin rami, lita 0.6 yake ci. Masu cire wayar na'urar sun ɗaukar wa kansu duba mai kafin kowace fita. Inji mai wuyar ja ko wuyar tashi, a auna tazarar bawul yana sanyi: milimita 0.15 a na shiga, 0.20 a na fita. Bakin fulogi 0.7 zuwa 0.8.

Idan na cire gwamna, ba za ta ƙara gudu ba?

Gwamna shi ne na'urar da ke hana injin wuce juyi 3,600 a minti. Idan aka cire shi za ta ƙara, injin zai haura juyi 5,000. Sai dai faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan igiyar tayarwa zubi ne, ba a yi shi don wannan juyin ba, yana iya tarwatsewa, ga shi dab da bayan direba. Sandar da ke haɗa fistin da karanshaf ita ma tana iya karyewa ta fasa jikin inji. Wanda zai cire gwamna sai ya sauya waɗannan biyun da waɗanda aka sassaƙa daga curin alminiyam don tsere, ya kuma buɗe injin ya fitar da giyar robar gwamnan gaba ɗaya, don idan aka bar ta a ciki farfashewa take yi.

Hanya mai sauƙi ita ce matatar iska mai buɗaɗɗen baki da salansa mai sakin numfashi. Amma iska ta ƙaru ke nan, dole fetur ya bi ta: babban jet na asali raminsa wajen milimita 0.7 ne, a koma wajen 0.9. A yi tafiyar minti goma a ciro fulogi a duba. Ruwan ƙasa-ƙasa daidai ne. Baƙi mai kunkunniya, fetur ya yi yawa. Fari fat kuwa fetur ya yi kaɗan, injin yana zafi fiye da kima, a ƙara girman jet kafin a sake fita.