Waiwaye: Yadda BUK ta yi ta matsawa bayan gari, gari yana bin sawunta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kabuga wajen bakwai da rabi na safiyar Litinin ya san yanayin. 'Yan adaidaita na ta kiran niu sayit niu sayit, wato sabon mazaunin jami'ar Bayero (BUK), ɗalibai rungume da handawut, wata na gyara hijabi tana leƙa agogon waya saboda lakcar ƙarfe takwas, ga malamin da zai yi lakcar shi ma ya maƙale a gosulo ɗaya da su cikin tsohuwar motarsa. Yaran yanzu gani suke dama can haka wurin yake. Alhali ita wannan jami'a ta Bayero kusan tarihinta gaba ɗaya ƙaura ce, ta tashi daga nan ta koma can don neman sarari, in ta zauna kuma gari ya lallaɓo ya same ta.

Asalin abin ma a cikin birni ya faro, a harabar makarantar koyon Arabiyya ta SAS. Ita SAS ɗin tun 1934 take, lokacin ana ce mata makarantar shari'a, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, kuma malaman da suka fara koyarwa a cikinta daga Sudan aka ɗauko su don horar da alƙalai. To a cikinta ne a 1960 aka buɗe wani ɗan sashe aka sa masa Kwalejin Ahmadu Bello, manufar dai a shirya ɗaliban Arabiyya da addini yadda za su iya shiga jami'a. Shekara biyu bayan nan sai aka kafa jami'a a Zariya ita ma da sunan Sardauna, ka ga suna ya zo ɗaya, shi ne aka mayar da ta Kano Kwalejin Abdullahi Bayero ta koma ƙarƙashin ABU. Wato dai BUK ƙanwar ABU ce ko ma a ce 'yarta, duk da 'yan BUK ba su cika son a tuna musu ba in ana musun wace ta fi.

Abin da ya fi ba ni dariya a tarihin nan shi ne mazauni na biyu. A 1964 kwalejin ta koma tsohon otal ɗin filin jirgin sama na Kano, a nan aka ɗauki rukunin farko na masu digiri, su goma. Goma fa. Yau a wasu kwasa-kwasan 'yan aji ɗaya ko layin gaba na tiyatar lakca ya fi haka. Wanda ya shugabanci kwalejin a lokacin shi ne Farfesa Abdullahi Ɗayyib, babban malamin adabin Larabci ɗan Sudan, wanda har yanzu masu karatun Arabiyya in an ambace shi sai sun jinjina. 'Yan farkon nan suka gama a 1966, digirin ABU aka ba su. Sai yaƙin basasa ya zo, zama a gefen filin jirgi ya zama kasada, dole aka tattara aka koma filin da ke bayan ganuwa tsakanin Ƙofar Kabuga da Dukawuya, inda yau muke cewa ol sayit. Ta wannan Ƙofar Kabugan ce dai sojojin Turawa suka shigo Kano a 1903, sai ga shi a bakinta aka dasa babbar makarantar boko ta garin. Lokacin can wurin bayan gari ne sosai, gonaki ne da kududdufai, in ka fita ƙofa ka bar Kano ke nan.

A 1975 gwamnatin tarayya ta buɗe sababbin jami'o'i bakwai, kuɗin mai ya shigo, Sakkwato da Maiduguri da Jos da Kalaba suka tashi a cikakku, ita Kano da Ilori da Fatakwal aka ce su fara a matsayin kwalejin jami'a tukuna. A 1977 ta zama cikakkiyar jami'a, Dakta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko. Bayansa aka kawo Farfesa Ezeilo masanin lissafi daga Nsukka bai daɗe ba, sai Farfesa Ibrahim Umar masanin fizis wanda ya riƙe ta daga 1979 zuwa 1986, sannan Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir mutumin adabin Hausa. A tsakanin shekarun nan ne aka ga ol sayit ba za ta ɗauki abin da ake hange ba, aka samu makeken fili can gaba a titin Gwarzo wajen Rimin Gata aka fara gini. Matsalar ita ce an faro aikin da lissafin kuɗin mai, kafin a yi nisa farashin mai ya faɗi, SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Babangida, ta zo ta ƙarasa sauran. Shi ya sa ƙaurar ba ta taɓa kammaluwa ba, wasu tsangayoyi suka koma sabon wuri wasu suka zauna a tsohon, masu karatun likita kuma daga baya suka yi nasu gidan a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988 can titin Zariya. Jami'a ɗaya amma a warwatse, kuma daga nan ne aka haifi wannan zirga-zirgar bas tsakanin ol da niu da kowane ɗalibi yake da labarinta, yadda ake rububin kujera, yadda mutum zai gama lakca a nan ƙarfe goma a ce wata na jiransa a can ƙarfe goma.

Nan zan ɗan daɗe don akwai abin da mutane da yawa ba sa haɗawa. In ka zaga niu sayit yau kusan duk ginin da ka kalla za ka ga allon asusun TETFund a jikinsa, tiyata ce, ofis ne, ɗakin gwaje-gwaje ne. Daga ina wannan asusu ya fito? Daga yajin aikin da muke zagi ne. Attahiru Jega yana malamin kimiyyar siyasa a BUK ya zama shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na ƙasa daga 1988 zuwa 1994, zamanin da soja ke haramta ƙungiyar yau su janye gobe su sake haramtawa, malamai kuma na ta guduwa ƙasashen waje don albashin ba ya kai su tsakiyar wata. A yarjejeniyar 1992 da aka yi bayan doguwar taƙaddama ne ƙungiyar ta kawo shawarar a riƙa cire wani kaso daga ribar kamfanoni a zuba a ilimi, a 1993 aka yi dokar harajin ilimi ta kashi 2 cikin ɗari, ita ce a 2011 aka gyara ta zama TETFund ta manyan makarantu kawai. Shi Jegan kuma ya dawo ya zama shugaban jami'ar a 2005 har zuwa 2010 da aka ɗauke shi INEC. Ni dai a ganina duk wanda zai tsine wa ASUU, kuma wallahi akwai dalilin tsinuwar, wanda ya zauna gida wata takwas cur a 2022 daga Fabrairu zuwa Oktoba ba sai an ba shi labari ba, to ya dai san cewa kujerar da yake zaune a kai a tiyata da kuɗin wancan faɗan aka saye ta.

Bayan Jega sai Farfesa Abubakar Rasheed daga 2010 zuwa 2015, kuma galibin waɗanda suka san harabar kafin nan da bayan nan za su ce maka a lokacinsa ne niu sayit ta canza kama, tsangayoyi da cibiyoyi suka yi ta tsirowa. Daga nan ya tafi ya shugabanci hukumar jami'o'i ta ƙasa. Farfesa Yahuza Bello ya karɓa, sai Farfesa Sagir Abbas a 2020. Attajirai ma sun sa hannu, Ɗangote ya gina makarantar koyon kasuwanci mai sunansa, a 2019 kuma Osinbajo ya zo ya buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta megawat 7.1, wadda lokacin aka yi ta yayata cewa babu kamarta a Afirka cikin irinta.

Amma gini gini ne. Abin da ni nake auna jami'a da shi shi ne me malamanta suka yi wanda ya fito ta get ya shiga gari. Ɗauki Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, wadda ta girmi ita kanta cikakkiyar jami'ar. Shekara da shekaru in kana neman ma'anar kalmar Hausa sai dai ka buɗe ƙamusun Bargery ko na Abraham su fassara maka da Turanci, wato sai ka iya Turanci kafin ka nemi Hausarka. A 2006 cibiyar ta fitar da ƙamusun da ke bayanin Hausa da Hausa, aikin da ya ci shekaru da malamai da dama, wasu ma ba su ga fitowarsa ba. A nan marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya yi aiki, mutumin da ya tattara tatsuniyoyin da 'yan firamare da yawa suka fara karatun Hausa da su. Ga Farfesa Sa'idu Gusau da ya ƙarar da rayuwarsa kan makaɗa da mawaƙan baka, ga Farfesa Abdalla Uba Adamu da ya ɗauki littattafan soyayya na Kano da finafinan Hausa a matsayin abin nazari tun lokacin da 'yan boko ke yi musu kallon shirme, daga baya ya shugabanci jami'ar karatu daga gida ta ƙasa.

Na baya-bayan nan da ya fi taɓa ni shi ne na Farfesa Hadiza Galadanci, likitar mata. Kowa a ƙasar nan ya san gidan da aka yi rashin mai jego saboda zubar jini bayan haihuwa, kuma babbar matsalar ita ce da ido ake kimanta jinin, kafin a farga an makara. Tana cikin jagororin wani bincike da aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata fiye da dubu 200, inda ake shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa tana tara jinin ana gani, da ya kai wani layi sai a haɗa magungunan da matakan gaba ɗaya a lokaci guda ba ɗaya bayan ɗaya ba. Sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin ɗari. Leda fa. Mujallar Time ta sa ta cikin mutum ɗari masu tasiri a harkar lafiya a 2024, amma ni ledar ce ta fi tsaya min a rai. Haka ita ma cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa da Bankin Duniya ya zaɓa cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka, har daga Nijar da wasu maƙwabta ake zuwa yin digiri na biyu da na uku a cikinta. Sai gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano inda kabarinsa yake, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta jami'ar, kuma kusan duk wani taron siyasa ko lakcar jama'a mai ma'ana a Kano sai ka ji an ce a Mambayya za a yi.

Akwai ranar da ba a son tunawa. Lahadi 29 ga Afrilun 2012 'yan bindiga suka shiga ol sayit suka buɗe wa Kiristoci masu ibada wuta, aka rasa mutum fiye da goma har da farfesoshi biyu. Kafin nan harabar kusan a buɗe take, mutanen unguwa na ratsawa, yara na shiga ƙwallo. Bayan nan ne shiga ta zama sai da katin shaida da buɗe but ɗin mota, kuma har yau ba a koma yadda ake da ba.

Duk da haka katanga ba ta raba jami'ar da gari ba, don ɗakunan kwana ba su taɓa kamo yawan ɗalibai ba. Ana gina tiyata mai cin ɗaruruwa, ana buɗe sabon kwas duk shekara, amma hostal sai jefi-jefi, samun gado a Ramat ko Nana ya zama kamar cin caca, ga kuma sikwatin, ɗakin mutum huɗu ka tarar da takwas. Sauran sai su fita waje, kuma wannan fitar ce ta gina unguwanni. Ɗanbare da ƙauye ne na manoma, yanzu gidajen haya ne na ɗalibai jere, mai gona ya sayar ko ya yanka ya gina ɗakuna. Rijiyar Zaki, Janbulo, Tudun Yola, Ɗorayi, duk za ka tarar da malamai da ma'aikata sun yi gidaje. Mai shayi, mai fotokwafi da bayindin furojet, mai wanki da guga, mai POS, mai awara da gurasa a bakin get, 'yan kasuwar Kok Bileji a cikin harabar, duk kalandar jami'a ce kalandarsu. In ASUU ta tafi yajin aiki ba ɗalibi ne kaɗai ke kuka ba, je ka tambayi mai gidan haya a Ɗanbare ko ɗan adaidaitan da ke biyan balas kullum yadda 2022 ta yi musu. Da aka ƙara kuɗin rajista a 2023 kuwa, ga tsadar mai bayan cire tallafi, nan ma gari ne ya shigo ciki, 'yan siyasa da ƙungiyoyi da masu hali suka yi ta biya wa ɗaliban yankunansu, daga baya bashin karatu na NELFUND ya zo.

Yanzu in ka taso daga Kabuga har ka kai get ɗin niu sayit ba za ka ga gona ɗaya a bakin titi ba sai shaguna da gidajen mai da filazoji, wurin da aka zaɓa don yana bayan gari ya koma tsakiyar wata sabuwar Kano. Gine-ginen ma sun wuce jami'ar sun miƙa wajen Janguza, dillalan filaye kuma in za su yi maka tallar fuloti a can abin da za su fara ce maka shi ne, Alhaji minti biyar ne fa zuwa BUK.