Murɗewar Ɗan Maraina: Ciwon da Ba Ya Jiran Wayewar Gari

Kowane ɗan maraina a rataye yake jikin wata igiya da ta sauko daga mara. Cikin igiyar nan ne jijiyoyin jini suke, masu kai masa jini da masu mayar da shi, tare da bututun da maniyyi ke bi. Abin da likitoci ke nufi da murɗewar maraina shi ne ɗan marainan ya juya a cikin jakarsa, igiyar ta nannaɗe, hanyar jini ta toshe kamar yadda ruwa ke ɗaukewa in an murɗe tiyo. Wani juyin rabi ne, wani kuwa sai ya zagaya har sau biyu. Iya tsananin murɗewar, iya saurin mutuwar naman.

Shi ya sa ake lissafin wannan ciwo da awoyi. Idan aka warware igiyar cikin awa 6 da fara ciwon, ana ceto kusan kashi 90 cikin 100. Da an kai awa 12, sai a koma wajen rabi. Bayan awa 24 kuwa, da ƙyar ake ceto kashi 10 cikin 100, sauran sai dai a cire.

Ya fi kama samari 'yan shekara 12 zuwa 18, sai jarirai sababbin haihuwa, amma babu shekarun da ya ƙyale. Ana ƙiyasta yana samun namiji 1 cikin 4,000 kafin cika shekara 25. Asalinsa galibi halitta ce: a jikin yawancin maza ɗan maraina a manne yake da bayan jakarsa, amma wasu an haife su nasu yana lilo a sake. Irin wannan yana iya juyawa a wajen wasa, ko bayan ɗan bugu, ko ma ana tsakar barci ba tare da wani dalili ba. Ba ciwon sanyi ba ne, kuma ba wani abu yaron ya aikata ba.

Yadda yake zuwa ba ɓoyayye ba ne. Ciwo ne mai tsanani, farat ɗaya, a ɓari ɗaya, sau da yawa har ya tashi mutum daga barci. Tashin zuciya da amai sukan biyo baya. Jakar ta kumbura ta yi ja, ɗan marainan ya haye sama fiye da ɗan'uwansa, ko ya kwanta a gicciye.

Inda ake yin asarar, a ganina, tun a gida ne. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ba zai iya buɗe baki ya gaya wa mahaifiyarsa inda ke masa ciwo ba. Sai ya ce cikinsa ne. Kuma ba ƙarya ya yi ba, domin zafin yakan hau har mara. Sai a ba shi maganin ciwon ciki, a ce ya kwanta zuwa safe, awoyin nan shida su ƙare yana juyi a kan shimfiɗa. Duk saurayin da ciwon mara ya taso masa kwatsam haɗe da amai, ya kamata wani babba ya ja shi gefe ya tambaye shi kai tsaye, ko da kuwa tambayar za ta yi nauyi a baki.

Akwai wani tarko kuma. Ciwon yakan lafa da kansa. Wataƙila igiyar ce ta warware, kuma za ta sake murɗewa wata rana. Wataƙila kuma naman ne ya riga ya mutu. Ko wanne ne, lafawar ba sauƙi ba ce, sai likita ya duba.

Kumburin bututun da ke bayan ɗan maraina, wanda ƙwayoyin cuta ke kawowa, yana kama da wannan. Shi yakan taso a hankali, wani sa'in da zazzaɓi ko zafin fitsari. Amma bambancewar ba aikin gida ba ne, likitoci ma wani lokaci sai sun buɗe suke tabbatarwa. A nufi sashen gaggawa na asibitin da ake tiyata, kada marar lafiyar ya ci ko ya sha komai a hanya saboda maganin sa barci, kuma a faɗa wa ma'aikata ƙarfe nawa ciwon ya fara.

A can ana iya ɗaukar hoton sikanin da ke nuna gudun jini, sai dai in alamun sun bayyana sarai, ba a tsayawa jiran hoto. Likita kan gwada warware murɗewar da hannu don a samu lokaci, amma maganin tiyata ce. Ana tsaga jakar, a warware igiyar, a duba ko jini ya dawo. In ya dawo, sai a ɗinke ɗan marainan jikin jakar don kada ya sake juyawa. In ya mutu, a cire shi. Ɗaya ɓarin ma ana ɗinke shi a lokacin, tunda halittar da ta jawo matsalar yawanci tana ɓangarorin biyu. Wanda aka cire wa ɗaya kuwa, ɗayan da ya rage galibi yana wadatar da shi wajen haihuwa da sinadarin mazakuta.