Abincin tamowa na asibiti: wa ya cancanta, nawa ake ba shi, me ke ɓata maganin

A layin awo kullum sai an ji wannan ƙorafi: "An ba maƙwabciyata abincin tamowa, ni an hana ni, alhali na fi ta talauci." Ƙorafin yana da ciwo, amma ƙa'idar ba ta auna talaucin gida. Jikin yaro take aunawa. Wannan tsari na jinyar tamowa a cikin unguwa ya fara a Najeriya a 2009, a jihohin Gombe da Kebbi, yana kuma ƙarƙashin manufar ƙasa kan abinci da gina jiki da aka sabunta a 2016. Jihar Kaduna na cikin masu aiki da shi.

Yaron da ake magana a kansa shi ne ɗan wata 6 zuwa 59. Ma'aikaciya za ta naɗa ɗan tef mai launi uku a tsakiyar damtsensa, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Idan awon ya gaza santimita 11.5, ya faɗa ja, wato tamowa mai tsanani, kuma ya cancanci abincin. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa ne, yaro na bakin rami amma bai faɗa ba. Daga 12.5 zuwa sama kore ne. Akwai gwaji na biyu da iyaye da yawa ba su san shi ba: a danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro biyu, a ƙirga daƙiƙa uku, a ɗaga. Idan gurbin yatsa ya zauna a ƙafafun duka biyu, wannan kumburin tamowa ne, ko da tef ya nuna kore. Nan ne kakanni ke yaudaruwa, su ce yaro ya yi ƙiba, alhali ruwa ne ya taru a jikinsa.

Abincin a ƙananan ledoji yake zuwa, kuma kafin a sallami uwa da leda ko ɗaya, sai an yi gwajin ci. A zaunar da ita gefe, ta wanke hannu, ta ba yaron a hankali ana kallo. Idan ya ci, jinyarsa a gida ce. Idan ya ƙi, ko yana amai da duk abin da ya shiga cikinsa, ko zazzaɓi mai zafi, ko numfashi da sauri, ko kumburin ya hau har fuska, to kwanciya ta kama shi. A can ake farawa da wata madara ta musamman ta masu tamowa da ake kira F-75, a hankali, don cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar abinci mai nauyi farat ɗaya. Jariri ɗan ƙasa da wata shida kuwa ba a ba shi wannan abinci sam, nasa gyaran ta hanyar nono ake bi.

Ledar nauyinta giram 92 ne, da kalori 500 a ciki: gyaɗa, garin madara, mai, sukari da sinadaran gina jiki. Da nauyin yaro ake lissafin rabonsa. A teburin da aka daɗe ana aiki da shi, mai kilo 5.5 zuwa 6.9 yana cin leda biyu da rabi a rana, 18 a mako, mai kilo 7 zuwa 8.4 kuma uku a rana, 21 a mako. Ana haɗa masa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, yawanci amoksisilin, ko da bai nuna alamar ciwo ba, saboda jikin mai tamowa ba ya iya tayar da zazzaɓi yadda ya kamata. Jinyar takan ɗauki mako shida zuwa takwas, kusan katan guda mai leda 150. Duk wannan kyauta ne. Ba a biyan kuɗin leda.

A gida ake samun matsala, kuma yawanci tausayi ne ke jawo ta. Gida mai yara biyar, ɗaya na lasar abu mai zaƙi, huɗu sun zuba masa ido; wace uwa ce zuciyarta ba za ta karye ba? Amma leda 21, ko da yara uku kawai aka raba wa, ta koma bakwai-bakwai, kuma bakwai ba ta warkar da kowa. Abin da ya fi shi ne a ba mara lafiya nasa a ɗaki, ko lokacin da sauran suka tafi makarantar allo, a kuma gaya wa kowa a gidan, har maigida, cewa magani ne. Kada a dama shi cikin kunu ko ruwa, domin rashin ruwa a cikinsa ne ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. A fara da nono idan yana sha, sannan ledar, a riƙa bi da ruwa mai tsabta don yana sa ƙishi. Wanda ya sayar da shi a kasuwa, da wanda ya saya, rabon wani yaro da ke kan ja suka ɗauke.

Matsala ta biyu ita ce daina zuwa. Mako na uku yaro ya fara wasa, kumatu sun ciko, ga kuɗin Keke daga Dakace ko Wuciciri a yankin Zariya, ga aikin gona idan damina ce, sai a ce ya warke. Bai warke ba. Ana sallama ne idan damtse ya kai 12.5 kuma babu kumburi har mako biyu a jere. Wanda aka janye kafin nan, gudawa ɗaya ko zazzaɓin cizon sauro ɗaya ya isa ya mayar da shi inda ya fito.

Yaron da ke kan ruwan ɗorawa da kore shi ma yana da haƙƙi. Bitamin A duk wata shida: shuɗin ƙwanso ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, tare da maganin tsutsar ciki daga wata 12. Ana rabawa a makon lafiyar uwa da yara, sau biyu a shekara. Mai ciki kuma tana karɓar maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi a wajen awo. Ma'aikaciyar gwamnatin jihar Kaduna tana da hutun haihuwa na wata shida tun 2019, don ta shayar da nono zalla.

Sai dai a bambanta manufa da doka. Abincin tamowa manufa ce, tana tafiya da kasafin kuɗi da tallafin ƙungiyoyi irin UNICEF, don haka ba kowace cibiya ke da shi ba, kuma yakan yanke. Idan aka ce babu, a nemi a rubuta awon yaron a kati, a tambayi cibiya mafi kusa da ke da shi, a kuma kai maganar ga kwamitin raya mazaɓa ko jami'in gina jiki na ƙaramar hukumar Zariya ko Sabon Gari. Amma yaron da ya suma, ko yake jijjiga, ko ya kasa shan komai, wannan doka ce ke tsaye masa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa bisa kowane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Irin wannan yaro ba a jira ranar awo da shi. A nufi babban asibiti mafi kusa, kamar asibitin Gambo Sawaba na Zariya ko asibitin koyarwa na Shika, ko da tsakar dare ne, a goya shi a lulluɓe shi sosai, don sanyi yana saurin kama mai tamowa a hanya.