Dashen Sassan Jiki

Dashen sassan jiki shi ne a cire ƙoda, hanta, zuciya ko wani sashe daga jikin mutum, rayayye ko mamaci, a dasa wa mara lafiyar da nasa ya daina aiki.

Tarihi

Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara shi ne wanda Dokta Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka a Disamban 1954. Tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, shi ya sa jikin mara lafiyar bai ƙi ƙodar ba. A 1967 Christiaan Barnard ya dasa zuciya a Afirka ta Kudu, wanda aka dasa wa ya rayu kwana 18. Da yake daga jikin mamaci ake cire zuciya, aikin ya jawo muhawara mai nauyi: yaushe za a ce mutum ya mutu, alhali na'ura na hura masa numfashi? A 1968 wani kwamiti na Jami'ar Harvard ya shimfiɗa ma'aunin mutuwar ƙwaƙwalwa. Maganin cyclosporine, mai hana jiki ƙin sashen da aka dasa, da ya bazu a farkon shekarun 1980, ya sauƙaƙa dashe tsakanin waɗanda ba 'yan uwa ba.

A Najeriya an fara dashen ƙoda a Legas wajen shekarar 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya biyo baya ba da jimawa ba.

Hukuncin Musulunci

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta bayarwa kyauta a zamanta na Jidda a 1988, ta haramta sayarwa. Wasu malamai na hana taɓa gawa, suna kafa hujja da hadisin karya ƙashin mamaci.

Yardar mai bayarwa

A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki. A 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu kan kai wani matashi can don a cire masa ƙoda.

Abin da doka ba ta gani shi ne matsin cikin gida. A Sakkwato, idan wankin ƙoda ya cinye gona da shanu, dangi kan zauna a zaure, ido ya koma kan ƙane ko ɗa. Kunya ba ta barinsa ya ce wa yaya ko baba a'a. Saboda haka ƙa'idar likitanci ta ce a gana da mai bayarwa shi kaɗai, a faɗa masa haɗarin tiyatar, kuma yana da ikon janyewa har ranar aiki.