Waiwaye: shekara kusan 100 ana binciken satar amsa

Duk shekara idan jarrabawar BEPC (ta kammala ƙaramar sakandare) da BAC (ta kammala babbar sakandare) ta ƙarato, hirar garin Tawa ba ta wuce satar amsa. A fada, a masallaci, a ɗakin malamai, magana ɗaya ce: yaran yanzu ba su da tarbiyya, salula ta lalata su. Na yi shekaru ina tsaron ɗakin jarrabawa, na ciro takardu daga cikin hula, daga ƙarƙashin hijabi, har daga cikin takalmi, kuma kowane lokaci abin yana yi mini ciwo. Sai dai masana sun daɗe suna auna wannan matsala, kuma abin da suka gano bai tafi daidai da hirar tamu ba.

Babban bincike na farko a Amurka aka yi shi. Hugh Hartshorne da Mark May na Jami'ar Kolombiya sun gwada yara wajen 11,000, suka buga sakamakon a 1928. Ga ɗaya daga cikin dabarunsu: a ba yara jarrabawa, a karɓe takardun, a kwafe amsoshin a ɓoye, sannan a mayar wa kowa tasa tare da amsoshin daidai, a ce ya gyara da kansa. Duk wanda ya sauya amsa, kwafin zai tona shi. Sun shiga aikin da zaton za su raba yara gida biyu, masu gaskiya da maƙaryata. Ba haka ta kasance ba. Yaron da ya yi maguɗi a lissafi sai ya ƙi taɓa kuɗin da aka bari a gabansa, wanda ya tsare gaskiya a aji sai ya yi ha'inci a filin wasa. Yanayin wurin, sauƙin yin abin, da halin abokan aji sun fi tasiri fiye da yadda aka zata. Har darussan tarbiyya da ake ba yaran ba su kawo wani babban bambanci ba.

A 1964 William Bowers ya tambayi ɗalibai fiye da 5,000 a manyan makarantu 99 na Amurka, kusan kashi uku cikin huɗu suka amsa cewa sun taɓa yin wani nau'in maguɗi. A lura da shekarar. Babu intanet, babu WhatsApp.

Donald McCabe na Jami'ar Rutgers ne ya ɗauki aikin daga farkon shekarun 1990, ya yi ta bibiyarsa har ƙarshen rayuwarsa. Shi da Linda Treviño sun bi makarantu 31, suka ga abin da ya fi nuna ko ɗalibi zai saci amsa shi ne abin da yake ganin tsaransa suna yi. Wannan kam duk malamin da ya taɓa tsaron aji ya san shi. Yarinya ta kwana uku tana karatu da hasken tocila, ta shigo ɗaki ta ga takarda tana yawo daga benci zuwa benci, mai tsaro ya kawar da kai. A ranta ba tunanin halal da haram kaɗai take yi ba, tana ganin ita za ta faɗi, waɗanda ba su buɗe littafi ba su wuce. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. McCabe ya kuma ga maguɗi ya fi ƙaranci a makarantun da ɗalibai da kansu suka riƙi alƙawarin gaskiya a matsayin nasu, ba takardar da aka manna a bango ba.

Daga baya aka shiga neman magani mai arha. A 2008 Nina Mazar, On Amir da Dan Ariely suka ce idan aka sa mutum ya tuna Dokoki Goma na Attaura kafin gwaji, ha'incinsa yana raguwa. A 2012 wani bincike ya ce sa hannu a saman takarda, maimakon ƙasa, yana sa mutane faɗin gaskiya. Hukumomi suka yi ta ɗauka, don ba ya cin ko dala. A 2018 aka maimaita gwajin Dokoki Goma da dubban mutane a ƙasashe daban-daban, ba a ga wannan tasiri ba. Na sa hannu kuwa, a 2021 aka janye shi, bayan wasu masana sun gano alƙaluman da ke ciki na ƙarya ne. Francesca Gino ta Jami'ar Harvard, ɗaya daga cikin marubutansa, ta rasa kujerarta ta dindindin a 2025, bisa zargin maguɗin alƙaluma a bincikenta, ko da yake ta musanta zargin. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, don malamai da yawa sun dogara da waɗannan sakamako da zuciya ɗaya.

A nahiyarmu hukumomi sun fi karkata ga toshe ƙofa. Bayan tambayoyin BAC sun fita a Facebook a Aljeriya a 2016, ƙasar ta koma katse intanet a lokacin jarrabawa. A Senegal an soke wasu darussan BAC a 2017 aka sake su, saboda tambayoyin sun riga ɗalibai shiga ɗaki. Yaro ɗan shekara 17 ba shi da makullin ofishin da ake ajiye tambayoyi. Babba ne ya fitar, babba ne ya saya wa ɗansa.

Nan ne binciken Simon Gächter da Jonathan Schulz na 2016 ya taɓa mu. Sun ba matasa fiye da 2,500 a ƙasashe 23 ɗan ludo su jefa a ɓoye, a biya su gwargwadon lambar da suka ce ta fito. Kaɗan ne suka yi ƙarya tsagwaronta. Amma a ƙasashen da cin hanci, maguɗin zaɓe da ƙin biyan haraji suka yi yawa, matasan sun fi lanƙwasa lambar don amfanin kansu.

Bara wani uba ya same ni a ƙofar gida ana saura kwana biyu jarrabawa, ya gaishe ni da mutunci, ya ce: "Malam, yaron nan naka ne, a duba mana shi." Ɗan nasa yana tsaye a bayansa, yana jin komai.